Ranar da Na Gudu da Mahaifiyar Wani

Ko tsufa ya kwashe min komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na je ɗauko motata ta farko ba. Ta hannu ce, mai ruwan toka, na saye ta a wani babban wurin sayar da motoci a nan Gombe, irin masu ofis na gilashi da mai gadi a ƙofa. Kafin in biya, Alhaji suke ce min (ni malamin makaranta da ko matakalar jirgi ban taɓa takawa ba). Ina biya na koma "Malam, ka dawo gobe."

Yau takardu ba su fito ba, gobe mai riƙe maƙulli ya tafi ta'aziyya. Sadik, wanda ya sayar min da ita, ya daina ɗaukar wayata. A unguwarmu Kagarawal kuwa maƙwabta har sun fara tambayar matata ko ta ruwa motar take tahowa.

Wata rana na tashi daga makaranta zuciyata a wuya, na wuce can kai tsaye. Na tarar da Sadik yana latsa waya. Na buga tebur a gaban mutane, na ce, "Yau ko motata ko manaja. Ni ba yaro ba ne, ba a raina min hankali."

Bai ko ɗago ba. Ya lalubo maƙulli a kan teburin ya turo min. "Tana ƙarƙashin dogon yaro. Takardu sai wani satin."

Na fita ina huci. Na danna maƙullin, wata mai ruwan toka ta amsa. Ban duba lamba ba, na faɗa ciki na tayar. Na ga carbi rataye a madubi, sai na ce a raina kyautar ban haƙuri ce suka yi min. Ka ji hankali.

Ina dab da shataletale na ji murya daga baya.

"Buba, mun iso asibitin ne?"

Saura kaɗan in hau bayan wani keke. Na waiwaya, sai ga wata tsohuwa tana tashi zaune a kujerar baya, tana janye mayafi daga fuskarta. Ta dube ni, na dube ta.

"Kai wane ne? Ina Buba? Ina za ka kai ni?"

Na kira ta yadda muke kiran uwa a nan, na ce, "Dada, ki yi haƙuri, motata ce..."

Ba ta bari na ƙarasa ba. Ta leƙa ta taga tana ihu da Fulatanci tana haɗawa da Hausa, wai an sace ta. Kun san yadda wannan kalmar take a zamanin nan. Kafin in gama tsayawa 'yan acaba sun kewaye motar. Wani ya zura hannu ya zare maƙullin, wani ya riƙe wuyan rigata, na hango wani yana ɗaga dutse. Na ce su bari in kira wurin da na sayi motar. Na kira Sadik, ta yi ta ringi, bai ɗauka ba. Na sake kira, ya katse.

Wani dattijo mai shago a bakin titi ne ya cece ni. Ya ce, "Kada wanda ya taɓa shi. A mayar da su can, in ƙarya yake za a gani." Ya karɓo maƙullin ya miƙa min, ya shiga gaba ya zauna kusa da ni. Haka na tuƙo a hankali, babura gaba da baya, Dada tana ta tsine min.

A bakin ƙofa muka tarar da Buba, ɗanta, yana kuka yana waya da 'yan sanda. Ashe shi ma a nan ya sayi tasa, ya biyo ne ya kai ƙorafin birki, ya ajiye maƙullinsa a teburin, ya bar ta kwance a inuwa. Duk waɗanda suka ga na buga tebur ɗazu suna tsaye suna kallona, riga a yage, hula babu.

Sadik ya fito ya dubi maƙullin, ya ce, "Au, nasa na ba ka? Amma Malam, kai ma ai sai ka duba lamba." Ya nuna min tawa can bayan ofis, taya ɗaya a cire.

Na durƙusa har ƙasa na ba Dada haƙuri. Ta ƙare min kallo, ta ce wa ɗanta, "Kuma bai iya tuƙi ba."

A keke na koma gida. Motar ta zo daga baya, amma tun ranar na gane cewa mutum in zai yi fushi a gaban jama'a, ya rage ɗan hankalin da zai karanta lambar mota. Yanzu ko tawa zan shiga, a ƙofar gidana, sai na fara yi wa kujerar baya sallama.