Ƙofar Ɗakin Inna

Na sa an ƙera ƙofar ƙarfe a Gaya, da ta zo sai ta fi bakin ɗakin faɗi.

Ɗakin na mahaifiyata ne. Da hannuna na gina mata shi da ƙasa, don ta shiga kafin damina. A Toranke karan dawa muke yankewa daidai bakin ƙofa, mu kai wa mai walda. Ni kuwa na tsinci tef irin na tela a kasuwa. Ban yi boko ba, amma na san lamba.

Yayana Sale ya miƙo mini kara, ya ce, "Riƙe wannan, ka bar igiyar nan."

Na ce, "Yaya, zamanin kara ya wuce."

Na ja tef, na karanta, na haddace. Ban lura ba bakinsa ya guntule, daga huɗu yake farawa.

Ƙofa ta ƙi shiga. Na ɗauko diga na sare bangon, don kada a ce na yi kuskure. A ruwan farko bangon ya tsage, a na biyu ya zube. Inna ta yi daminar a tsohon ɗakinta, tana tarar yoyo da kwano. Da ma zagina ta yi.

Yanzu ina nan Toranke ina nomana, ƙofar tana jingine a zaure. Duk mai sabon gini sai ya leƙo ya ce, "Injiniya, ara mini tef mana."