Rasuwar Gwaggo, Kwamfutar da Ta Riƙe Sirrin Masu Karatunmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hankalin da har yanzu bai koma mazauninsa ba, ni Juwairiyya Bakari, editar jaridar intanet ta Kunnen Gari da ke Fadaman Mada a Bauchi, nake sanar da masu karatunmu rasuwar tsohuwar kwamfutar ofishinmu, wadda muke kira Gwaggo. Ta cika ranar Alhamis da hantsi, a kan teburinta na kusa da taga, bayan doguwar jinya.

Marigayiyar ta zo mana tun jaridar ba ta da ko kujerar baƙo. Ba sabuwa muka same ta ba, kuma ba ta taɓa yin sauri ba. Idan aka kunna ta da safe sai ta yi "fiiit" sau ɗaya, fankarta ta ɗauki "gurrr-gurrr", mutum ya je ya sha shayi ya dawo kafin ta buɗe ido. Amma a cikinta amanarku take. Duk wanda ya ba mu imel ɗinsa don ya riƙa samun labaran safe, duk wadda ta bar lambar waya, duk wanda ya turo mana labari a ɓoye ya ce kada a ambace shi, wurin Gwaggo yake kwana.

Muna shaida cewa ba ta da kwaɗayi. Suna da imel ko lambar waya kaɗai take karɓa. Ba ta taɓa tambayar mutum shekarunsa ko unguwarsu ba. Wanda ya ce a cire shi, a ranar take mantawa da shi. Mutum biyu ne suka san kalmar sirrinta, ni da Zakka, mai kula da na'urorinmu. A lokacin zaɓe wani yaron ɗan siyasa ya zo da babbar riga da murmushi, yana son lambobin masu karatunmu don a tura musu saƙon kamfen. Ya zauna, ya sha ruwa, ya tafi hannu wofi, Gwaggo tana gefe tana gurnaninta kamar ba da ita ake ba.

Ciwon ajali ya fara ne da zafin jiki. Sai ta riƙa ɗaukewa ana tsakiyar aiki, daga baya wani sauti ya shigo mata, "ƙit, ƙit, ƙit", kamar ana taunar tsakuwa. Zakka ya kwashe sunayen masu karatu zuwa sabuwar na'ura, ya ce mu shirya. Ranar Alhamis wuta ta ɗauke, ta dawo da ƙarfi, Gwaggo ta yi "tas", ƙauri ya tashi. Shi ke nan.

Da a nan maganar ta tsaya, da sanarwar nan gajeriya ce. Amma wajibi ne ku ji abin da ya sami gawar.

Al'adarmu ita ce, idan mutum ya turo mana labari a ɓoye, da zarar mun tabbatar mun buga, sai mu goge saƙonsa da lambarsa. A safiyar da Gwaggo ta rasu muka buga labarin wani kantin magani da ake sauya kwanan wata a jikin kwalaben maganin yara da ya lalace. Wata baiwar Allah ce ta kai mu ga labarin. Za mu kira ta Khairat, kuma ba sunanta ba ne. Ba mu kai ga goge saƙonta ba mutuwa ta riga mu. Muryarta da hotunan da ta ɗauka suna cikin faifan ajiyar marigayiyar, wato ƙarfen da ke riƙe da komai ko da kwamfuta ta mutu.

Ranar Asabar na shigo ofis na tarar da teburin a share, sai alamar inda ta zauna shekara da shekaru. Ɗanlarai, wakilinmu na kasuwanni, shi ya ga gawa tana tare wuri, ranar Juma'a ya ji mai jari-bola, mai sayen tsofaffin ƙarafa, yana wucewa da kurarsa, ya miƙa masa ita da kyakkyawar niyya. Ban gama jin bayaninsa ba wayata ta yi ƙara. Khairat ce.

"Anti, an tara mu jiya a kanti ana tambayar wanda ya kai magana. An goge nawa, ko?"

Na faɗa mata gaskiya. Ta ce, "Anti, ina da 'ya'ya. Mai kantin nan ya san gidanmu."

Muka fita mu uku a keke napep ɗaya. Ɗanlarai bai san sunan mai jari-bolar ba, abin da ya riƙe kawai dattijo ne mai jar hula. Muka bi layi-layi a Fadaman Mada muna tambaya. Mai faci ya ce ya gan shi ya nufi Ƙofar Ran. A Ƙofar Ran wata mai ƙosai ta ce ai Baba Hammawa ne, yana sauke kayansa a bayan kasuwar Muda Lawal. Zakka yana ta faɗa mini faifan a kulle yake, ba mai buɗe shi sai da kalmar sirri. Na ji shi, amma na ce wa mai keken ya ƙara sauri.

Mun sami Baba Hammawa a zaune cikin tarin ƙarafa, Gwaggo a gabansa, an buɗe cikinta, wayoyi a waje. Faifan ba ya nan.

"Hajiya, ai ƙarfe nake saye, ban san da mutane a ciki ba," in ji shi. Ya tashi da kansa, ya ja mu ta cikin masu hatsi da masu atamfa har shagon wani mai gyaran kwamfuta, Oga Adebayo, wanda ya karɓi faifan da safe.

Oga Adebayo ya jawo shi daga ƙarƙashin tebur, cikin kwali da wasu irinsa. "Madam, wallahi ban sa shi a inji ba tukuna. Ɗauki kayanka." Zakka ya duba lambar jikinsa ya ce shi ne. Na sa shi a jakata na rungume har ofis. Duk hanya ba wanda ya ƙara wa Ɗanlarai da faɗa.

Ga abin da muka sani, ba ƙari ba ragi. Faifan ya kwana a hannun da ba namu ba. A kulle yake, kuma ba mu ga alamar an taɓa shi ba. Mun yarda da Baba Hammawa da Oga Adebayo, muna kuma gode musu. Duk da haka bayananku ne, haƙƙinku ne ku san inda suka je. Idan wani ya kira ku ko ya turo saƙo da sunan Kunnen Gari yana neman wani bayani, kada ku ba shi, ku sanar da mu. Daga yau babu na'urar da za ta bar ofishin nan, da rai ko a mace, sai an cire mata faifai. Khairat tana nan lafiya, ba a gano ta ba, ko da yake ta ce har yanzu gabanta yana faɗuwa idan mai kantin ya daɗe yana kallonta.

Marigayiyar ta bar firinta guda mai cin takarda, da madannai wanda harafin "a" ya goge a jikinsa, da akwatin riƙe wuta da aka ɗauka don ya tsare ta, wanda barci ya kwashe a ranar da aka fi bukatarsa. Ta bar sabuwar na'ura da ta gaji aikinta, yarinya mai sauri wadda ba mu gama sanin halinta ba. Ta kuma bar ku.

Za a yi jana'iza ranar Laraba bayan la'asar, a harabar ofishinmu. Babu wanka, babu sallah, domin ƙarfe ce. Zakka zai huda faifan da injin huda ƙarfe a gaban jama'a, sannan Ɗanlarai, bisa roƙonsa, zai bi shi da guduma har sai ya zama gari. Gangar jikin za ta koma wurin Baba Hammawa. Duk mai son a goge sunansa daga sabuwar na'ura ya zo, za a yi yana tsaye yana kallo.

Khairat ta ce za ta zo ta gani da idonta. Saboda haka muna roƙon mata su zo da yawa, domin ta sami inda za ta tsaya ba a gane ta ba. Ba a ɗaukar hoto, kuma ba za a ajiye littafin masu ta'aziyya ba. Ku zo, ku shaida, ku koma gida, kada kowa ya tambayi na kusa da shi sunansa.