Yaƙin Malam Jatau da Murhu Mai Fanka

Bayan godiya ga Mahaliccin wuta da ruwa, wannan shi ne tarihin gumurzun da aka gwabza a birnin Malumfashi, cikin watan azumi mai alfarma, tsakanin wani murhun zamani da sadauki Malam Jatau, ɗan Nomau mai guduma, ɗan Sarkin Maƙera Ɓaidu wanda aka ce yana ɗaukar ƙarfen da ya yi ja a wuta da tsurar hannu ya sa a aljihu. Jatau garwashin ƙirya, jikan masu zugazugi, na Lantana sha-hayaƙi! Gaskiya ne shi kansa bai taɓa ƙera ko allura ba, domin a ofishin ruwa ya ƙare ƙuruciyarsa yana buga hatimi, amma wannan bai rage masa komai ba a wajen izza da ambaton nasaba.

Asalin fitinar kuwa, jarumin ya je kasuwa ya ga wani murhu na ƙarfe, dogo kamar bokiti, mai 'yar fanka da batir a gindi, wanda ba ya cin itace ko gawayi sai wasu 'yan dunƙulen buntun shinkafa masu kama da kashin awaki. Mai kayan ya buɗe baki zai nuna masa yadda ake kunnawa, Malam Jatau ya ɗaga masa hannu cikin ƙasaita ya ce, "Ni za ka koya wa wuta?" Ya saye murhun da buhun dunƙule guda. Da isowarsa gida ya zartar da hukunci: ya kwashe duwatsun murhun uwargidansa Lantana ya watsa a kwazazzabo, ya yi kyauta da itacenta kaf, ya shelanta cewa zamanin jahiliyyar hayaƙi ya shuɗe.

To, al'adar unguwar ita ce kowace rana gida ɗaya ke kai ƙosai da kunu masallaci don buɗa-baki, kuma tun zamanin Ɓaidu gidan maƙera bai taɓa ba da kunya a ranarsa ba. Ranar kuwa ita ce wannan.

Ana idar da la'asar sadauki ya naɗe hannun riga, ya ja ɗamara, ya cika cikin abokin gaba da dunƙule har baki, sannan ya durƙusa ya cusa takarda mai ci ta ƙofar toka a ƙasa, kamar yadda kakanninsa suka riƙa hura wuta tun fil azal. Murhu ya yi shiru na ɗan lokaci irin na maƙiyi mai makirci, sannan ya turnuƙo wani hayaƙi fari, mai kauri, mai yaji, wanda ya kori kaji daga tsakar gida, ya sa tsohuwar akuya tari. Jarumin ya ja da baya, ba don tsoro ba, sai don hikimar yaƙi, ya ɗaure hanci da rawani kada hayaƙi ya sauka maƙogwaro ya taɓa masa azumi.

Ya zazzage dunƙulen da suka yi baƙi a kan juji, ya fara binciken munafukai a cikin rundunar. Fanka ya fara tuhuma. Ya kwance ta, ya busa, ya kaɗa ta da yatsa, ta juya lafiya lau ba ta da laifi. Ya zaro batir ya kai baki zai gwada da harshe, sai ya tuna da azumi, ya yi a'uziyya ya mayar. Ya zari tsinken tsintsiya ya bi ƙofofin iska ɗaya bayan ɗaya yana soka, yana cewa, "Ku fito, matsorata!" Aka sake cika murhu, aka sake cusa wuta ta ƙasa, aka sake shan kaye. Haka aka yi ta yi, juji yana tudu, buhu yana ramewa, rana tana gangarawa abinta ba ruwanta da nasabar kowa.

Lantana ta daɗe a tsaye da ƙwaryar ƙullun ƙosai a hannu. Ta ce, "Malam, ka bari in leƙa maƙwabta in soya a murhunsu. Lokaci fa ya tafi."

"Jikan Ɓaidu ya roƙi wuta? Wallahi sai dai a kwana a nan!"

Daga nan ya shiga ɗaki ya fito da makamin ƙarshe, wato zugazugin kakansa da ya shekara aru-aru a rataye. Ya kafa bakin zugazugin a ƙofar toka, ya yi kabbara, ya danna da dukkan ƙarfin mai azumi. Tsohuwar fata ta yage, toka ta yi tsalle ta sauka a fuskarsa da gemunsa, har wani maƙwabci ya leƙo ta katanga yana tambaya ko gobara ce a kawo ruwa. A nan ne zuciyar sadauki ta karaya. Ya dubi inuwa ta cinye tsakar gida, ya tuna dattawan da ke zaune a masallaci suna kallon hanya, kunya ta kama shi har idonsa ya kawo ruwa, ya ɗora wa hayaƙi laifin.

Cikin fushi da fid da rai ya juye ragowar buhun a murhu, ya kunna wani tsumma mai kananzir, ya rasa inda zai cusa shi, ya wurga shi a saman dunƙulen yana cewa, "Ci, la'ananne!" Fanka ta yi ɗan gurnani. Sai ga wuta ta tashi shuɗiya, tsaf, ba ɗigon hayaƙi, domin shi wannan murhu tun daga ƙirarsa ta sama ake kunna shi.

"Nasara! Na faɗa muku dabara ce! Lantana, kasko!"

Lantana ta ɗora kasko, mai ya yi zafi, ta saki zubin farko. Sai dai abin da ya rage na dunƙule bai fi cikin tafin hannu ba, sauran duk sun yi shahada a juji. Ƙosai ya fara ja ke nan wuta ta lumshe ta mutu, a daidai lokacin da ladan ya ɗaga murya. Kunu kuwa ko ruwansa ba a ɗora ba.

Haka mai nasara ya ratsa lungu da ƙaton faranti a ka, 'yan ƙosai suna gangara a cikinsa daga gefe zuwa gefe, ya dire shi gaban jama'a da suka riga suka sha ruwa da dabino. Liman ya yi bisimilla ya ɗauki ɗaya ya ɓare, ɗanyen ƙullu ya biyo yatsunsa. Ya dubi ƙullun, ya dubi gemun da ke cike da toka, ya goge hannu a gefen tabarma.

"Allah ya karɓi niyya, Malam Jatau," in ji Liman. Sannan ya juya ga jama'a ya rage murya. "Gobe gidan wa ke da girki?"