Duba-gari Halliru da Ragon Yelwa

Allah Ya yi wa Wudil baiwa uku: ga kogi, ga kasuwar shanu ta Juma'a, ga kuma Malam Halliru Duba-gari. Kogi yakan janye da rani, kasuwa ta watse da yamma, amma Malam Halliru kullum a cike yake, har ya batse. Mutum ne da ya yi elementare har aji huɗu, ya kuma taɓa musabaha da Bature, shi ya sa talaka ba ya samun wannan hannu sai yatsu biyu. In ya sa gajeren wandonsa na kaki, ya rataya ludayin duba randa, ya hau keke, ko kajin gari sai sun shiga taitayinsu.

To, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Wata safiya ya shiga gidan tsohuwa Yelwa mai ƙosai, ya sunkuya a bakin randa yana neman 'ya'yan sauro. Ragon da take kiwo ya ga an saita masa abin da bai roƙa ba. Ya ja da baya, ya kawo gaisuwa, dum! Malam ya shige randa har kafaɗa. Kafin ya matse rigarsa, sabon suna ya riga shi isa kasuwa: Sha-Karo. Wallahi sunan nan ya fi karon yi masa ciwo. Sai ya rantse a gaban jama'a cewa ranar wasan kaka zai shiga fagen maza, ya wanke sunan da hannunsa.

Saura zaɓen fanni. "Jahili shi ke faɗa wa abu ka," in ji shi. "Mai ilmi sai ya duba, ya auna, ya ɗauki wanda ya haɗa komai."

Ya fara da dambe, wajen Isyaku mahauci, wanda ya kashe maza a fage tun Malam yana tallan goro. Isyaku ya ce ya zo ya fara da koyon tsayuwa. Malam ya dube shi sheƙeƙe. "Ni za a koya wa tsayuwa? Kuma hannu ɗaya tak kuke naɗewa? Allah Ya ba mutum biyu, ya bar ɗaya yana zaman banza? Wannan fanni bai cika ba."

Ya taka keke har Lajawa, ya kalli 'yan kokawa. Ya yaba, amma ya lura babu naushi, ga ƙura, ga rungumar ƙato mai gumi, wanda ya saɓa wa dokar tsafta. A wata ruga kusa da Ɗankaza ya tarar da samarin Fulani suna sharo, ana tsula wa mutum tsumagiya yana duba madubi yana murmushi. Da jin ƙarar bulalar farko Malam ya tuna yana da aikin gaggawa a gari. 'Yan tauri ne suka kwanta masa a rai, tunda abin nasu sha ne kawai, sai dai shugabansu Sabo ya ɓata masa lissafi da gaskiya: "Ranka ya daɗe, maganin ƙarfe ne. Bai san ƙaho ba."

Wata biyu cur Malam yana zaɓe, ko taɓarya bai ɗaga ba. Daga ƙarshe ya yanke hukunci irin na masu zurfin tunani: tunda babu wanda ya cika, zai haɗa duka huɗun. Matarsa Hansai ta ce, "Malam, taura biyu fa ba ta taunuwa, balle huɗu." Ya ce, "A bakin wanda bai yi makaranta ba."

Ranar wasa, bayan la'asar, fili ya cika a bayan kasuwa, kalangu na tashi. Sai ga gwarzon namu. Hannun dama a naɗe da zaren dambe, warkin kokawa a kan wandon kaki, madubin sharo a hagu, layun tauri har gwiwar hannu. Ya tsaya a tsakiya, ya gyara murya.

"Jama'ar Wudil! Kowannenku rabin jarumi ne. Yau za ku ga cikakke. Ɗan kokawa bai iya duka ba. Ɗan dambe kuwa, kamar wancan..."

Sai ya miƙa naɗaɗɗen hannunsa ya nuna Isyaku. Kash! Ko wanda ya zo kallo jiya ya san ba a miƙa wa ɗan dambe naɗaɗɗen hannu a fage sai in shi ake nema. Da Malam ya tsaya darasin farko, da ya ji wannan. Kalangu ya juya zuwa taken Isyaku, fili ya ɗauki sowa. Isyaku ya miƙe a hankali, ya tofa goron bakinsa, ya gyara tsayuwa, tsayuwar nan da Malam ya raina.

Nan mai ilmi ya shiga aune-aune. Ya kai naushi? Bai koya ba. Ya kama kokawa? Hannu ɗaya a ɗaure, ɗaya da madubi. Ya yi murmushin sharo? Leɓe ya ƙi. Tauri kuwa, hannun Isyaku ba ƙarfe ba ne, ko da yake an ce ƙarfen ya fi shi tausayi. Sai Allah Ya buɗe masa fanni na biyar, wanda ba ya bukatar malami. Ƙafa, me na ci ban ba ki ba!

Ya keta taro, layu na zuba, ya faɗa zauren farko da ya gani a buɗe, ya zarce cikin gida. Ya samu wata randa, ya dafa ta, ya sunkuya yana haki. Da ya lura da kyau, da ya gane randar.

Dum!

Yelwa ta ajiye tsintsiya, ta taimaka aka zaro shi. "Sannu, ɗan nan," ta ce. "Ragon nan fa abu ɗaya ya iya, amma kullum safiya sai ya gwada shi a jikin turmi."

A gaskiya Malam Halliru ya cika rantsuwarsa, don tun ranar ba wanda ya ƙara ce masa Sha-Karo. Ɗalibin Rago ake kiransa, domin duk cikin malaman da ya zaga, wajen wannan kaɗai ya koma ɗaukar darasi na biyu.