Direban da Ya Girgiza Motar Lantarki

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai, wanda Ya hore wa ɗan Adam abin hawa iri-iri. Allah Ya yi albarka ga mai rubutu da mai karatu baki ɗaya.

Bayan haka, an yi wani direba ana ce masa Sallau, wanda ya tsufa a gidan wani attajiri, Alhaji Mudi. Da Alhaji ya sayi irin motar nan mai aiki da lantarki, sai ya gindaya masa sharaɗi: in ya iya da ita ya ci gaba da aiki, in ya gaza a nemo wani. Sallau ya kwana da abin a ransa, domin ba shi da wata sana'a sai tuƙi.

Ran nan suna hanyar Zariya suka tsaya wurin caji. Sallau ya jona wayar yadda aka koya masa, ya tsaya yana kallo. Shiru, babu ƙamshin fetur, babu ƙarar shigarsa. Zuciyarsa ta ƙi natsuwa. Sai ya naɗe hannun riga, ya kafa kafaɗa a jikin motar, ya shiga girgiza ta da iyakar ƙarfinsa, kamar yadda direbobi suka saba yi a gidan mai don tanki ya cika maƙil. Alhaji kuwa yana kujerar baya da kofin shayi. Hula ta yi gabas, shayi ya wanke babbar riga.

Alhaji ya fito a fusace. "Sallau! Aljanu ne suka taɓa ka?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe. So nake wutar ta zauna sosai, kada ta bar gurbi."

"Innalillahi! Wuta ce fa, ba ruwa ba! Batir ne a ciki, ina ruwan batir da girgiza? Nan gaba duk motocin ƙasar nan irin wannan ne, masu irin tunaninka sai dai su koma gida. Miƙo mini makulli!"

Sallau ya ciro makulli, ya rusuna cikin ladabi, amma bai sake shi ba.

"Ga shi, ranka ya daɗe. Sai dai a sanar da almajirinka abu guda kafin ya tafi: wane ruwa ne a cikin rimot ɗin talabijin ɗinka, da kullum kake bubbuga shi a gwiwa?"