Ranar da Na Yi Yoyo ta Ciki

Bayan an yi mini aikin hanyar hawaye da ta toshe, na koma asibiti a Kafanchan tare da matata a duba ni. Nas ta fara bayani, na tare ta: "'Yata, shekara talatin ina gyaran famfo a reluwe. Ni za a koya wa bututu?"

Ta tura ruwan gishiri ta gefen idona. Sai na ji shi a maƙogwaro! Na damƙe matata: "Maman Bitrus, sun huda ni, ina yoyo! Kira Fasto!"

Nas ta ce, "Baba, ai hanyar ce ta buɗe, daga ido ta bi ta hanci zuwa maƙogwaro. Ka warke."

Ban taɓa haɗiye gishiri mai daɗi haka ba.

Har yau, ko kunu na kurɓa, sai Maman Bitrus ta leƙo: "Injiniya, a kira Fasto?"