Ustaz Fikri da Jan Kamus na Borsa

"Duk Iskandariyya, daga bakin teku har tashar jirgin ƙasa, babu wanda ya kai ni sanin Turancin Borsa. Ku kawo Bature daga ko'ina. In bai cire mini hula ba, ku karɓe kujerar nan!"

Wannan ce waƙar Ustaz Fikri kowace safiya a shagon shayin Mu'allim Shahata. Kujerar kuwa, abokina, ita ce ta bakin taga, mai matashi, inda iskar teku ke shigowa. Shekara goma sha takwas yana kanta, mu muna fama da benci, duk don girmama ilimi. Ilimin kuma yana cikin wani ƙaton jan kamus na kalmomin Borsa, wato kasuwar hannun jari, wanda ya gada wurin mahaifinsa, tsohon masinjan kasuwar auduga. Ba mai taɓa shi. Da gardama ta tashi sai ya dafa bangon kamus ɗin, ya lumshe ido.

"Jahilai ke cewa Borsa. Mutanen Landan cewa suke Sitok Ikiscenji. Shafi na ɗari biyu da sha ɗaya."

Mu kuwa mu gyaɗa kai. Ni dai ina son tsohon, amma wallahi na gaji da shafin nan.

Wata Talata da hantsi sai ga wani dogon Bature mai malafa ya sunkuyo ta ƙofa, Mista Harkot, jikan wani ɗan kasuwar auduga na da. Mu'allim Shahata ya tafa.

"Ya Ustaz, Allah ya kawo maka nama har gida!"

Bature ya zubo Turanci kamar an buɗe famfo. Ustaz Fikri ya gyara tabarau, ya yi tari, ya sake gyara tabarau.

"Sitok Ikiscenji," in ji shi.

Bature ya yi murna, ya ƙara zubowa, yana nuna titi.

"Landan Sitok Ikiscenji," in ji Ustaz, gumi na bin wuyansa. "Niyok Sitok Ikiscenji."

"Me yake cewa ne, Farfesan Taga?" in ji Mu'allim.

"Gaishe ku yake."

"Duk wannan gaisuwa ce? Har da nuna titi?"

"Yana gaida na waje ma."

Da Bature ya gaji, sai ya juyo da gurgun Larabci: "Tsohuwar kasuwar auduga, ina hanya?"

Ustaz ya dube mu yana haki. "Kun gani? Turancina ya fi ƙarfinsa, ya gudo Larabci."

Da ya yi shiru daga nan, da ya tsira. Amma idon baƙo ya faɗa kan jan kamus, ya dafe ƙirji. "Kai! Irin na kakana! Shekara da shekaru ina nema. Kyakkyawa ƙwarai!"

To, ka san halinmu. In mutum ya yabi abinka sai ka ce ya ɗauka, shi kuma ya ce Allah ya bar maka, a ja sau uku, kowa ya tafi da nasa. Ustaz ya ga ƙofar gyara sunansa, ya ɗaga murya don har mai wankin takalmi ya ji.

"Ɗauka, ya Basha! Naka ne!"

"A'a, a'a," in ji Bature.

Wannan a'a ɗin ce ta ba shi ƙarfin gwiwa. Ya miƙe tsaye, ya tura littafin. "Wallahi sai ka ɗauka! In ka ƙi, ka wulaƙanta ni a gaban mutanena!"

Bawan Allah ya tsorata da wulaƙanta dattijo. Ya rungume kamus, idonsa har da ƙwalla, yana ta godiya.

Ustaz ya yi fari fat. Ya raɗa wa Mu'allim, "Yi masa bayanin al'ada mana."

"Ni na iya Turanci? Kai ka yi masa."

Bature ya ɗora littafin kan tebur zai buɗe, ya ƙi buɗuwa. Shafukan a haɗe suke ta sama, takwas-takwas, yadda maɗaba'un da ke barin su sai mai karatu ya yanke da kansa. Ya duba gaba, ya duba baya, duk haka.

"Sabo fil!" in ji shi da murna. "Ba wanda ya taɓa karantawa! Akwai wuƙa?"

Mu'allim Shahata ya kawo wuƙar yanka lemon tsami, ya goge ta da kyau a rigarsa.

"Fara daga shafi na ɗari biyu da sha ɗaya, ya Basha. Shekara goma sha takwas muna marmarinsa."

Mu'allim ya ja kujerar taga, ya karkaɗe matashin, ya zaunar da baƙo, wai nan haske ya fi. Bature ya cire malafarsa don ya ga rubutu sosai, yana waige-waigen inda zai ajiye ta. Mu'allim ya karɓa, ya danƙa wa Ustaz Fikri.

"Alƙawari ya cika, ya Ustaz, ga shi ya cire maka hula. Riƙe masa har ya gama."